BAƘIN DA BA A SAN ASALINSA BA: YADDA LIKITOCI KE RARRABE CUTUTTUKAN DA KE RINE FATA

(Jawabin da wani ɗalibi mai koyon aikin likita ya gabatar a zaman ƙara wa juna ilmi na Ƙungiyar Ɗalibai)



Tun da fari ina neman gafarar malamaina, domin fagen da zan shiga na manya ne, ni kuwa ɗan koyo ne kawai. In na yi tuntuɓe sai a tashe ni. Abin da ya sa na zaɓi wannan magana kuwa, wani al'amari ne da ya faru a gidanmu.

Shekara uku ke nan da wata yayata, 'yar baffana, malamar makarantar firamare, ta lura gefen goshinta da wuyanta sun soma yin wani irin duhu, sai ka ce an dama toka da shuni an shafa mata. Ba ƙaiƙayi, ba zafi, ba ƙurji. Kafin wata shida duhun ya sauko mata har kumatu. Nan fa bakin mutane ya buɗe. Wasu suka ce bilicin ta yi ya juye mata, alhali ba ta taɓa yi ba. Wasu suka ce jifa ce. Wasu ma suka shiga raɗa cewa wata mugunyar cuta take ɓoyewa. Ga shi kuwa bikinta ya matso, dangin miji sun fara tsegumi. Da ta rasa tudun dafawa sai ta nufi wani kemis, aka haɗa mata wani mai a kwalba marar suna. Mako uku na fari fuskar ta washe, daga nan sai ƙuraje suka feso, baƙin kuma ya dawo ya fi na da. Zan koma kan labarinta a ƙarshe. Yanzu bari mu fara daga tushe.

FATA DA MARINANTA

Fatar mutum hawa biyu ce. Akwai fatar sama, wadda a yawancin jiki kaurinta bai fi na takarda ba, akwai kuma fatar ƙasa, inda jijiyoyin jini da saiwoyin gashi suke. A daidai iyakar da ke tsakaninsu akwai waɗansu ƙwayoyin halitta da zan kira marina, domin aikinsu ke nan. Su ke haɗa rinin da ake kira melanin, su rarraba shi ga ƙwayoyin da ke kewaye da su, marini guda yana ciyar da ƙwayoyi wajen 36. Abin mamaki shi ne yawan marinan nan kusan ɗaya ne a jikin Bature da na baƙar fata. Bambancin yana ga yawan rinin da suke haɗawa da yadda suke raba shi. Namu marinan masu himma ne, shi ya sa rana ba ta ƙona mu da sauƙi, shi ya sa kuma abu kaɗan zai taɓa fatarmu ya bar mana tabo.

Fatar sama tana sabunta kanta cikin wata guda ko fiye kaɗan, saboda haka rinin da ya yi yawa a cikinta yakan kaɗe a hankali. Amma idan wani abu ya farfasa iyakar nan, sai rinin ya zuba cikin fatar ƙasa. A can akwai waɗansu ƙwayoyi masu aikin shara, su kuma sai su haɗiye shi su zauna da shi wata da watanni, wani lokaci shekara da shekaru. Duk wanda ya taɓa leƙa karofi a Ƙofar Mata ya san bambancin tsumman da aka tsoma sau ɗaya da wanda ya sha baba har cikin zarensa. Haka abin yake a fata. Rinin da ke sama ruwan ƙasa-ƙasa ake ganinsa, wanda ya nutse kuwa sai ya fito toka-toka ko shuɗi-shuɗi, saboda yadda haske ke warwatsuwa kafin ya dawo ga idon mai kallo. Ku riƙe wannan, domin a kansa aka gina dukan sauran bayanin.

BAƘIN DA AKA SAN DALILINSA

Tawadar Allah da sauran alamun da aka haifi mutum da su ba sa cikin maganarmu. Muna magana ne a kan baƙin da ya zo wa mutum da rana tsaka. Mafi yawansa an san dalilinsa, kuma aikin likita na farko shi ne ya tsame waɗannan tukuna.

Na ɗaya shi ne tabon da ke biyo bayan ƙuraje, ko ƙuna, ko kirci, ko farankama. Na biyu shi ne melasma, watau duhun da kan fito wa mata a kumatu da goshi da saman leɓe, musamman lokacin goyon ciki ko shan maganin tazarar haihuwa, rana kuma tana ƙara shi. Na uku shi ne baƙin magani. Maganin kuturta da ake kira kilofazimin yakan mai da fata ja-ja mai duhu. Kulorokwin, idan an daɗe ana sha, yakan bar shuɗin tabo a ƙwauri da ganɗa. Septrin da Fansidar kuwa sukan fito wa waɗansu mutane da baƙin tabo zagayayye kamar kwabo, wanda ke sake kumbura a wuri ɗaya duk ran da aka koma shan maganin.

Na huɗu shi ne baƙin da ke zuwa a matsayin ɗan aike daga cikin jiki, shi ne kuma mafi haɗari idan aka yi sake. A 1855 wani likita a Landan, Thomas Addison, ya bayyana cutar da yanzu ake kira da sunansa, wadda ke faruwa idan 'yan halittun da ke zaune bisa ƙoda suka gaza. Mai ita yakan yi baƙi a dasashi da layukan tafin hannu da tsofaffin tabbai, ga kasala, ga rama, ga jiri. A ƙasashe irin namu tarin fuka na cikin manyan abubuwan da ke haddasa ta, kuma tana kisa idan ba a gane ta ba. Ƙarancin bitamin B12 yakan baƙanta gaɓoɓin yatsu. Ƙarancin bitamin B3, wanda ke samun waɗanda abincinsu bai wuce masara ba, yakan yi wa wuya baƙin zobe kamar sarƙa. Akwai kuma baƙi mai kauri da laushi da ke fitowa a ƙeya da hammata, wanda iyaye kan zaci dauɗa ce har su sa yaro ya yi ta dirza da soso, alhali sau da yawa gargaɗi ne cewa ciwon sukari yana tafe.

Na biyar shi ne wanda muka jawo wa kanmu. A 1975 likita Findlay da abokan aikinsa a Afirka ta Kudu suka ba da rahoton mata masu yawa da fuskokinsu suka yi baƙi ƙirin bayan sun daɗe suna shafa man bilicin mai sinadarin haidurokwinon. Sunan wannan cuta okoronosis. Man da aka saya don a yi fari shi ne ya ƙare da rina fuskar, rinin da ke da wuyar fita ƙwarai.

BAƘIN DA BA A SAN DALILINSA BA

To, bayan an tankaɗe duk waɗannan, akwai sauran marasa lafiya da ke zama a cikin rariya. Ba su sha magani ba, ba su yi ƙuraje ba, jininsu lafiya lau, amma ga toka-toka a jikinsu. Tarihin yadda aka yi ta laƙaba musu sunaye abin sauraro ne.

A 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, likita Gustav Riehl na birnin Biyana a Ostiriya ya ga mutane suna zuwa masa da baƙin goshi da kumatu da bayan kunne. Ya yi zargin abincin da yunwar yaƙi ta tilasta musu ci, amma bai tabbatar ba. Aka sa wa cutar suna baƙin Riehl.

A 1957 likita Oswaldo Ramirez na ƙasar El Salbado ya bayyana waɗansu marasa lafiya masu manyan tabbai kalar toka a ƙirji da baya da hannuwa, ya kira su da harshen Sifaniyanci masu toka. A 1961 kuma likita Convit da abokan aikinsa a Benezuwela suka ga irinsu, sai dai sun lura cewa a farkon cutar gefen tabon yana da wani siririn jan layi mai ɗan tudu kamar zare. Saboda wannan jan layi suka ba ta wani dogon suna dabam. Cuta ɗaya ta sami suna biyu ke nan, ko kuwa cututtuka biyu ne masu kama da juna? An shafe fiye da shekara 50 ana wannan gardama.

A 1970 likita Osmundsen na ƙasar Danmak ya gano cewa wani sinadari da ake zubawa a garin sabulu don ƙara wa tufafi haske yana baƙanta fatar waɗansu mutane ba tare da ƙaiƙayin kirki ba. A daidai wannan zamani mata da yawa a Japan suna ta fama da baƙin fuska. Likita Nakayama ya bi diddigi, ya tarar da laifin yana ga waɗansu launukan hoda da jan baki da turarukan da ake sa wa kayan kwalliya. Da kamfanoni suka cire waɗannan sinadarai a ƙarshen shekarun 1970, sai cutar ta ja baya sosai. Darasin da ke nan babba ne: abin da jiya aka ce ba a san dalilinsa ba, bincike na iya tono dalilin gobe.

A 1974 likita Bhutani da abokan aikinsa a Niyu Delhi ta Indiya suka bayyana mutum 40 masu baƙin fuska da wuya da lungunan jiki irin su hammata. Suka ce wani reshe ne na cutar fata mai ƙaiƙayi da ake kira laiken filanus, don haka suka kira ta laiken filanus mai baƙi. A Indiya an yi ta zargin man mustad da man amla da ake shafa wa kai, da rinin gashi. Sa'an nan a 1978 likita Degos na Faransa ya bayyana wani iri da ke fesowa yara da matasa, ƙananan tabbai daga girman ƙwayar wake zuwa na kwabo, a ƙirji da baya, wanda kan ɓace da kansa bayan watanni ko 'yan shekaru.

RIGIMAR SUNA

Jama'a, ga inda gizo ke saƙar. Idan aka yanki ɗan ƙanƙanin fata daga mai baƙin Riehl, da mai cutar toka, da mai laiken filanus mai baƙi, aka sa su ƙarƙashin madubin likita, kusan abu ɗaya ake gani: iyakar fatar sama da ta ƙasa ta ɗan farfashe, rini ya zuba ƙasa, masu shara sun haɗiye. Saboda haka mutum ɗaya zai iya samun suna uku daga likita uku, gwargwadon ƙasar da kowannensu ya yi karatu.

Wani zai ce mene ne abin damuwa da suna? Da akwai. Idan likitan Indiya ya gwada magani a kan abin da ya kira da wani suna, likitan Meziko kuma ya gwada a kan abin da ya kira da wani, ba yadda za a haɗa sakamakonsu a san gaskiya. Kana suna shi ke nuna wa likita inda zai dosa. Wanda aka ce yana da baƙin Riehl, kayan kwalliyarsa za a bincika. Yaron da aka ce yana da irin na Degos, haƙuri za a ba iyayensa, a hana su ɓarnar kuɗi.

Wannan ya sa masana daga ƙasashe da dama suka yi ta zama, har a 2019 suka fitar da matsaya ƙarƙashin jagorancin likita Kumarasinghe. Suka tara waɗannan cututtuka a inuwa ɗaya, suka kira ta baƙin tabon da ke samun mutum ba a tabbatar da dalilinsa ba. Suka ce manyan tabbai, waɗanda suka haura santimita 5, a gangar jiki, su ne cutar toka, in kuma an taɓa ganin jan layin nan a gefe sai a kira ta da sunan da mutanen Benezuwela suka ba ta. Wanda ya fi kama fuska da wuya da lungunan jiki shi ne laiken filanus mai baƙi. Ƙananan tabbai barkatai a jikin yara shi ne irin na Degos. Duk baƙin da aka gano dalilinsa kuwa, kamar na magani, a fitar da shi daga wannan inuwa. Waɗansu likitocin Indiya kuma suna ganin tun da abin da madubi ke nunawa ɗaya ne, gara a haɗa manyan ukun a kira su baƙin da ya sauka fatar ƙasa, a huta. Har yanzu ana amfani da hanyoyin biyu.

YADDA LIKITA KE BIN SAWU

Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane. Ga matakan da likitan fata ke bi don kada kama ta ruɗe shi.

Mataki na fari tambaya ce, ita ce kuma ta fi kowane na'ura amfani. Yaushe abin ya fara? A ina ya fara? An yi ƙaiƙayi ko ja kafin baƙin? Wane magani ake sha, har da na gargajiya? Me ake shafawa, daga mai da hoda da turare har rinin gashi da baƙin lalle? Wannan na ƙarshe ya shafe mu ƙwarai, domin baƙin lallen da ake yi wa amare sau da yawa ana haɗa shi da sinadarin rinin gashi da ake kira PPD, wanda ya shahara wajen tayar wa fata da hankali. Wace sana'a ake yi, awa nawa ake yi a rana? Ina roƙon 'yan'uwa mata, duk wadda ta taɓa shafa man bilicin ta faɗa wa likita gaskiya. Kunyar minti ɗaya ta fi jinyar shekara biyar.

Mataki na biyu duba jiki ne gaba ɗaya, cikin hasken rana, har baki da farce da tafin hannu da fatar kai. Dalilin duba kai kuwa, a 2013 likita Ncoza Dlova ta birnin Daban a Afirka ta Kudu ta nuna cewa cikin matan da gashin goshinsu ke ja da baya saboda wata cuta mai kashe saiwar gashi, fiye da rabi suna da laiken filanus mai baƙi, kuma baƙin fuskar ne ke riga zubar gashin zuwa. Ashe baƙin na iya zama ƙararrawar da za ta ceci gashin.

Mataki na uku na'urori ne. Akwai fitilar da Robert Wood na Amurka ya ƙirƙiro a 1903, wadda ake haskawa a ɗaki mai duhu: rinin sama yakan ƙara fitowa, na ƙasa kuwa ba ya canzawa. Sai dai a baƙar fata sosai fitilar ba ta cika rarrabewa ba. Akwai kuma ɗan madubin hannu mai fitila da ake ɗorawa a kan fata, wanda ke nuna rinin ƙasa a matsayin ɗigo-ɗigo masu kalar toka.

Mataki na huɗu gwajin manne ne. Ana liƙa wa mutum 'yan faifai a baya, kowanne ɗauke da sinadarin da ake zargi, har da kayan kwalliyarsa na gida. Bayan awa 48 a cire a duba, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Inda ya yi ja ko ya kumbura, an kama ɓarawo.

Mataki na biyar shi ne yankar fata, milimita 3 ko 4 kacal, bayan an kashe zafin wurin. Ko da yake ba ta raba manyan ukun nan, tana tabbatar da zurfin rinin, tana kuma fitar da okoronosis fili, domin ita tata alamar dabam ce: waɗansu tarkace ruwan ɗorawa masu siffar ayaba. Daga nan sai gwajin jini gwargwadon abin da likita ya hango, kamar na sukari, da na bitamin B12, da na ciwon hanta nau'in C, wanda a waɗansu ƙasashe aka same shi tare da laiken filanus.

MAGANI

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata: rinin da ya nutse ba ya fita da gaggawa, kuma babu wani magani guda da aka tabbatar yana warkar da kowa. Abin da ake fara nema shi ne a tsai da yaɗuwarsa. A daina duk abin da ake zargi. A kare fata daga rana da hula ko laima ko man kariya, musamman mai launi, domin hasken da ido ke gani ma yana ƙara wa baƙar fata duhu. Likita na iya ba da man takrolimus don kwantar da kumburin da ke farfasa iyakar, ko waɗansu ƙwayoyi na sha, daga baya kuma a gwada hasken leza idan cutar ta lafa. Man bilicin kuwa a fatar sama yake aiki, ba ya kai wa inda rinin yake. Iyakarsa ya kore launin fatar da ke kewaye, tabon ya ƙara fitowa, mai sinadarin siteroyid kuma ya sirantar da fata ya kawo ƙuraje, mai zaiba ya taɓa ƙoda.

KAMMALAWA

Yayar tawa daga ƙarshe ta sami ganin likitan fata a wani asibitin koyarwa, bayan ta yi tafiyar awa huɗu da jiran layi na mako shida. Aka yi mata dukan gwaje-gwajen da na lissafa. Jini lafiya, gwajin manne bai kama kome ba, yankar fata ta nuna rini a ƙasa. Likita ya ce mata laiken filanus mai baƙi ne, ya kuma gaya mata a fili cewa ba a san abin da ya kawo shi ba, amma ba ya kisa, ba ya yaɗuwa ga miji ko ɗa, ba kuma laifinta ba ne. Ta ce mini waɗannan kalmomi sun fi mata man da aka ba ta amfani. Baffana ya ɗauki takardar likita ya kai wa dangin mijin, aka ɗaura aure. Yau baƙin ya ragu, bai gushe duka ba, tana nan tana koyarwa.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ga 'yan'uwana ɗalibai, mu kame bakinmu daga yanke wa mutum hukunci da ganin fuskarsa. Ga ma'aikatanmu, waɗanda gobe su za su riƙe ma'aikatun lafiya da na ciniki, ku tuna dokar hana zaiba da siteroyid a man shafawa tana nan a rubuce, masu zartar da ita a kasuwa ake nema, kuma likitocin fata sun yi mana kaɗan ƙwarai. Ga abokan karatuna kuma, ku dubi jerin ƙasashen da na ambata: Ostiriya, El Salbado, Benezuwela, Danmak, Japan, Indiya, Faransa, Afirka ta Kudu. Kowane suna a cikin jerin nan ya samu ne domin wani likita ya zauna ya dubi marasa lafiyarsa da kyau, ya rubuta abin da ya gani. Marasa lafiya irin waɗannan suna nan a layin asibitocinmu kowace safiya, da irin man da suke shafawa da irin ranar da ke dukansu. Rubuta nasu bayanin aikinmu ne.